Tekun da Baba Ya Tarar a Gindin Rijiya

Ran nan na ji 'yar'uwarku Safiya tana gaya wa ƙawarta wai ana kiran kakanku Baba Teku ne saboda kyautarsa ba ta da iyaka. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Kakanku mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ba shi da abin da zai yi irin wannan kyauta da shi. Mahaƙin rijiya ne, dukiyarsa duka diga ce da dagi da igiya da kwando. Sunan nan da kuke tinƙaho da shi da ba'a aka raɗa masa, kuma ni ubanku ina da hannu dumu-dumu a cikin zafin da ya yi masa. Tun da kun fara yi wa labarin kwalliya ina raye, gara in rubuta muku shi yadda ya faru, da nawa laifin a ciki, kafin in kau ku mayar da ni waliyyi ni ma.

Sunansa na yanka Sule. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa, kuma kullum akwai ƙasa a ƙarƙashin faratansa ko da ranar Sallah ce. A yankinmu, tsakanin Tofa da Bici, gona manne take da gona, gida yana kallon gida, ba dajin da za a ce an bar shi ya huta. Kowace unguwa da rijiyarta, kuma da wuya ka sha ruwa a unguwannin nan ba ka sha daga hannun Baba ba. Ya san jerin ƙasarmu kamar yadda Liman ya san jerin surori: ƙasar noma a sama, sai jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai dagargajewa a hannu, inda ruwa yake kwana. Ƙarƙashin wannan kuwa sai baƙin dutse, wanda in diga ta taɓa shi ta yi ƙara, to, aiki ya ƙare, a naɗe igiya. Yakan ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗora a harshe. Inna takan ce ta auri mutumin da ya fi yaba ɗanɗanon marmara a kan miyarta.

A shekarun farin nan da kuka sha ji, damina biyu a jere ta yaudare mu. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Rumbuna suka zama ɗakin kwanan kaji, kajin ma daga baya aka cinye su. Ni a lokacin ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina koyarwa a firamaren garinmu, ina da keke da agogo da alƙalami biyu a aljihun gaba, ina jin duk abin da ba ya cikin littafi bai gama zama gaskiya ba. Da kaka ta zo babu abin girbi, Baba ya ɗaure kayan aikinsa ya bi wasu mahaƙa yamma, ƙasar Sakkwato, cin rani. Ya yi wata biyar. Ya dawo ya rame, da rabin buhun gero a ka, da wani ƙunshi a tsumma wanda ya fi kula da shi a kan geron.

Inna ce ta kwance ƙunshin a tsakar gida. Wani farin dunƙule ne kamar girman goruba, jikinsa da kaushi, an fasa shi biyu. Ta juya shi, ta lasa.

“Kanwa ce wannan, Malam? Ai ba ta da kaifi. An cuce ka.”

“Ajiye, Hansai, kar ki jefa mini ita a miya,” in ji Baba. “Daga gindin teku na haƙo ta.”

Ya zauna a kan turmi ya ba mu labari, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ya ce a can ƙasar ba irin tamu ba ce. Sun sauka gaba goma sha, wato tsawon hannu biyu a miƙe sau goma da ɗoriya, sai suka faɗa wa wani farin dutse mai laushi, shimfiɗe fal kamar an daɓe shi. Cikinsa cike da ƙumba iri-iri, manya da ƙanana, da haƙoran kifi, da irin waɗannan dunƙule-dunƙule ba adadi. Ya nuna mana cikin wanda ya fasa: zobe a kan zobe kamar albasa, a can tsakiya kuma wata 'yar ƙumba da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya ce shi ya san ƙumbar kogi, tun yana yaro yake kankare ƙwarya da ita, wannan ba ita ba ce. A cikin mahaƙan akwai wanda ya taɓa dako a bakin ruwa a Ikko, shi ya ce masa irin waɗannan a bakin teku kaɗai ya taɓa ganinsu. Baba ya ce ya tsaya a gindin ramin nan, ƙishirwa na cinsa, sama ba ko gajimare, ya gane cewa a kan tsohon wurin kwanan teku yake tsaye. Ya ce sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Da a gida ya bar maganar, da shi ke nan. Amma ya kai ta zauren Mai Unguwa, inda dattawa suke zama bayan la'asar suna kallon gabas ko hadari zai taso. A cikinsu akwai Kawu Tanko, abokin Baba tun na ƙuruciya, mutumin da ko a wurin zaman makoki sai ya sami abin da zai sa a murmusa. Ya karɓi dutsen ya kara a kunne.

“Ku yi shiru, ina jin kada yana tari! Sule, ka je har teku ka dawo ba ko kifi busasshe? Mu nan moɗa ɗaya muke nema, kai kana da teku ka ɓoye a rami. Sannu, Teku!”

Aka bushe da dariya. Kada ku ga laifinsu da yawa. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su yi dariya ba, da suka samu sai suka riƙe ta hannu biyu. Liman ya so ya buɗe wa Baba ƙofar fita. Ya ce ai ba abin mamaki ba ne, ruwan Ɗufana ya rufe duniya, mai yiwuwa shi ya watsar da su can. Da Baba ya ce haka ne, da kowa ya gyaɗa kai an wuce wurin. Amma shi bai iya sayen zaman lafiya da abin da idonsa bai gani ba.

“Allah gafarta Malam, Allah ne masani. Amma ni na san aikin ruwan da ya wuce, hargitsa kaya yake yi, ya tara manya da ƙanana a lungu ɗaya. Waɗannan kwance suke a natse, ɗaya bisa ɗaya. Zama suka yi a wurin, ba wucewa ba. Ruwan nan ya daɗe.”

Daga ranar sunan ya bi shi. Yara na kiransa, mata na ƙunshe dariya a bakin mayafi in ya gifta. Ni kuwa kunya ta ishe ni, domin har a aji sai in juya ina rubutu a allo in ji wani ya yi kukan kwaɗo a bayana.

Ana cikin haka rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Da farko guga yana fitowa da rabi, daga baya da laka, daga baya sai ƙararsa kawai yana bugun ƙasa. Mata suka koma tafiya wata unguwa mai nisa tun da asuba, su dawo rana ta take da tulu ɗaya. Mai Unguwa ya tara maza a gindin rimi a yanke shawara. Yawancinsu suka ce a ƙara wa tsohuwar rijiya zurfi, tun da ramin yana nan, aikin kaɗan ne ya rage. Baba ya ce a'a. Ya ce shi da mahaifinsa suka yi mata gyaran ƙarshe, ya san gindinta, a kan baƙin dutse take zaune, babu komai a ƙarƙashi. Ya ce a haƙa sabuwa a gangaren gonar Mai Unguwa, kusa da ɓaure, inda wani suri yake da danshi har yanzu. Sabuwar rijiya aiki ne na makonni ga mutanen da suke cin abinci sau ɗaya a wuni, kuma za ta ci wani yanki na gona. Ba wanda yake so ya ji haka. Sai wani daga baya ya ce, yaya za a ɗora ƙarfin mutane a kan maganar wanda yake ganin teku a ƙasar Sakkwato?

A nan ne na miƙe. Ina so ku fahimce ni, ba don in wanke kaina ba: niyyata in ceci ubana. Na zo da littafin taswira na makaranta a hammata, na shirya jawabina tun a hanya. Na buɗe shafin ƙasarmu a gaban dattawa, na ɗora yatsa a kan shuɗin da ke can ƙasa, na ce ga teku nan. Na ja yatsan sama, sama, har ƙarshen shafi, na ce ga inda Baba ya yi aiki. Na ce ko a mota kwana da wuni ne tsakaninsu.

“Saboda haka jama'a ku daina ce wa Baba maƙaryaci,” na ce. “Bai yi ƙarya ba. Kuskure ya yi. Ƙumbar wani tsohon kogi ya gani, bai gane ba. Wanda bai yi karatu ba, dole irin wannan ta same shi.”

Na zauna ina jiran a yaba mini. Ba wanda ya yi dariya, har Kawu Tanko, wanda ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Baba ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, irin duban da yake yi wa ƙasar da ya zata akwai ruwa ya tarar babu. Mai Unguwa ya gyara murya ya ce, to, tun da ɗansa ma ya ce idonsa yana iya ruɗarsa a gindin rami, a ƙara wa tsohuwar zurfi. Aka shafa fatiha aka watse.

Na zata Baba zai naɗe hannu ya bar su da aikinsu. Washegari shi ya fara isa bakin rijiyar da igiyarsa. Ya ce wa Inna ba zai zauna a inuwa ya bar 'ya'yan mutane da ba su san rami ba su sauka su mutu a ciki. Diga ta taɓa baƙin dutse tun a kwana na biyu, ta yi irin ƙarar da ya faɗa. Suka ce a ci gaba. Dabarar da ta rage ita ce wuta: a zuba kara da itace a gindin rijiya a cinna, dutse ya yi zafi ya tsage, a sauka a ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru. Hayaƙi ba ya saurin fita daga rami, mutane kuma suna gaggawa, saboda haka Baba yakan sauka tun idonsa na hawaye, ya hana matasa. Sati uku ana wannan. Abin da aka samu bai kai tsawon kamu biyu ba, busasshe ƙayau. Gidaje biyu suka ɗaure kaya suka tafi birni, ɗaya daga ciki har yau ba su dawo ba. Baba kuwa ya fito da wani tari da bai rabu da shi ba har kabari.

Duk kwanakin nan bai ce mini uffan a kan maganar ba. In na gaishe shi ya amsa, in na kawo masa ruwan alwala, ɗan abin da ake ragewa a gindin buta, ya ce Allah ya yi albarka. Wannan ya fi duka ciwo. Inna ce ba ta iya haɗiye abu. Wata rana da hantsi tana tankaɗe dusa, wuyanta ya sanƙare saboda ɗaukar tulu, ta kira ni ba tare da ta ɗago ba.

“Malam Habu mai taswira. Zo nan.”

Na tsuguna.

“Da cewa ka yi ubanka ƙarya yake yi, da ya fi masa sauƙi. Maƙaryaci yana iya tuba gobe a yarda da shi jibi. Kai kuwa cewa ka yi bai san ƙasa ba. Me ya rage masa? Gona gare shi ko shanu? Idon nan da harshen nan su suka ciyar da kai har ka iya riƙe alƙalami biyu.”

Na ce ai taimakonsa na so in yi.

“Na sani. Shi ya sa ban tsine maka ba.” Ta sa hannu a ƙarƙashin faifai ta fito da rabin dutsen. “Ungo. Kai wa waɗanda suka koya maka taswirar. In sun ce ba haka ba ne, ka jefar a hanya, kar ka dawo mini da shi gida, kuma kar ka gaya masa ka je.”

Na tambaye ta ita ta yarda da maganar tekun ne? Ta ce ita ba ta san teku ba, Sule ta sani.

Ranar Asabar na hau keke zuwa Bici, wurin Malam Isa, tsohon malaminmu na labarin ƙasa. Mutum ne da ya taɓa yawo da masu binciken duwatsu kafin ya koma koyarwa, tagar ɗakinsa cike da tsakuwoyi kamar na mai sayar da magani. Na miƙa masa dutsen ina ba da haƙuri, ina cewa wani tsoho ne a garinmu yake wata magana. Ban ma iya cewa ubana ne ba. Ya karɓa ya jujjuya shi a hannu. Ya aika aka kawo lemon tsami ya matsa a gefe, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba zoben nan ya daɗe, sa'an nan ya miƙo mini.

“Ka san gansakuka?” ya ce. “Koren abin nan da ke kama bakin randa da bayan gida da damina?”

Na ce na sani.

“To, teku ma tana da tata. Akwai wata iri ja-ja, kalar murjanin da mata ke sawa a wuya, wadda take tara alli a jikinta har ta yi tauri kamar dutse. Takan kama 'yar ƙumba irin wannan ta lulluɓe ta. Igiyar ruwa ta mirgina ta, ta lulluɓe ɗaya gefen. A haka a haka, zobe bisa zobe, shekara da shekaru. In ta mutu jan ya kode, ta koma fara. Ba ta rayuwa a kogi, Habu, sai ruwan gishiri. Kuma tsiro ce, tana bukatar hasken rana, saboda haka ba a can cikin zurfi take ba. Wanda ya haƙo wannan, a gindin teku marar zurfi ya tsaya, mai haske, tun kafin a yi wani mahaluki da zai ba da labari. Teku ta taɓa shigowa ta rufe yammacin ƙasar nan, ta zauna, ta janye.”

Na ce amma taswira fa? Ya yi dariya ya ce taswirata ta nuna inda ruwa yake a bana ne kawai. Ya ɗauko wani littafi ya nuna mini hoton irin dunƙulen, kamar an ɗauki hoton na Baba. Sai ya ci gaba, irin na malamin da ya sami mai saurare. Ya ce a wasu gaɓoɓin teku iska takan kore ruwan sama ta tura shi nesa da gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da abincin da ya daɗe kwance a gindi. Inda haka ke faruwa kifi yakan yi yawa, kuma irin halittun da za su zauna a wurin sukan bambanta da na inda ruwa yake ɗumi a kwance. Ya ce masu karatun duwatsu daga irin gansakukar da suka tarar, da abin da ke kwance tare da ita, suke gane wane irin ruwa ne ya zauna a wuri. Ko tekun nan ta yamma ta sami irin wannan tasowar, shi ba zai yanke ba, sai an ga sauran shimfiɗar. Daga nan ya tambaye ni wane ne tsohon, domin yana so ya ji yadda dutsen yake jere daga bakin wanda ya gani.

“Mahaifina ne,” na ce, na fashe da kuka a gaban malamina, da agogona da komai.

Da na koma gida na tarar da Baba a inuwar ɗaki yana tufka igiya, yana tari. Na durƙusa na ajiye rabin dutsen kusa da ƙafarsa, na zayyana masa komai: lemon tsami, gansakuka, murjani, hasken rana. Hannunsa bai daina tufka ba sai da na zo kan ruwan sanyin da ke tasowa daga ƙasa. Nan ya tsaya.

“Daga ƙasa yake tasowa? Da sanyinsa?”

“Haka ya ce, Baba.”

“Ashe ita ma ido gare ta, kamar rijiya.” Ya yi murmushi, na farko da na gani a fuskarsa tun ranar gindin rimi. Ya juya dutsen a tafinsa. “Ja ce kuma, ka ce? Kai, da na ga wannan.”

Na ce, “Baba, Malam Isa ya ce gaskiyarka ce.”

“Malamin nan naku, ya taɓa shiga rijiya?”

“Ban ji ba.”

“Amma da ya faɗa ka yarda.”

Ya ci gaba da tufkarsa. Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun ranar, kawai dai yana jiran in iso ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na roƙi Mai Unguwa ya tsayar da mutane a gindin rimin nan. Ban zo da littafi ba. Na ce a nan na tsaya na ce ubana bai san abin da ya gani ba, a nan kuma nake cewa ni ne ban san abin da nake faɗa ba. Na ba su labarin gansakuka iya yadda zan iya. Ba zan ce muku jawabina ne ya juya su ba. Ƙishirwa ta riga ta yi rabin aikin, baƙin dutse ya yi saura. Amma akwai nauyin da ke hana mutane komawa wurin wanda suka yi wa dariya, kuma wani ne ya kamata ya fara sauke shi. Kawu Tanko ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

“Ni dai tun farko na ce na ji kada yana tari, ba ku yarda ba. Teku, tashi ka nuna mana inda za mu sara. Ni zan fara, in na faɗi ka ja ni.”

Shi ne karo na farko da na ji an kira sunan nan ba a yi dariya ba.

Aka fara haƙa a gindin ɓaure. Baba bai iya sauka ba, ƙirjinsa ba ya ɗaukar iskar rami, kuma bai ƙara sauka wata rijiya ba har ya bar duniya. Wannan shi ne abin da jawabina na minti biyar ya ci. A bakin ramin yake zama a kan buzu, kowane kwando ya fito sai an kai gabansa, ya murza, ya sansana, ya ce a ci gaba. Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce. Ni ma in na tashi daga makaranta nakan zo in ja igiya, hannuna duk ya yi kanta. A rana ta goma sha tara kwando ya fito da ruɓaɓɓen dutse. Baba ya ɗora a harshe, ya rufe ido. Ya ce mahaƙin da ke ciki ya fito. Ya waiwaya ya dube ni.

“Malam Habu, cire agogon nan. Sauka.”

Ban taɓa shiga rijiya ba, ni ɗan mahaƙi. Shi da kansa ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya ja ƙullin sau biyu. Na sauka ina laluben ramukan sa ƙafa, ina ganin ƙasar tana canja launi a gaban hancina, ɗaya bisa ɗaya, yadda ya sha faɗa ina jinsa da rabin kunne. Da na dire, bakin rijiyar ya koma kamar faifai a sama, da kawuna kewaye. Ya ce in kafa dagi a kusurwar gabas in jijjiga. Na kafa, na jijjiga, na zare. Da farko ba komai. Sai na ji wani sanyi yana ratsa tsakanin yatsun ƙafata, daga ƙasa, a hankali, yana hawa har idon sawu.

Muryarsa ta gangaro, a dishe, tari na katse ta.

“Habu! Me ka gani?”

“Ruwa, Baba! Ruwa ne!”

“Ka tabbata? Ko in aiko maka da taswira?”

Na ji dariya ta ɓarke a sama, da kabbara, da guɗar Inna da ta fi ta kowa. Ni kuwa ina tsaye a cikin ruwan ina dariya ina kuka, na ɗaga kai na ce masa a'a, na gani.

Rabin dutsen yana cikin akwatina, a tsumman da ya zo da shi. Ɗaya rabin Inna ta riƙe har ta rasu, ban san inda ta sa shi ba. In an kira ku jikokin Teku ku amsa da ƙarfi. Amma in tsoho ya gaya muku abin da ya gani da idonsa, ku zauna ku ji shi tun ƙirjinsa yana da lafiya.